Yunwa a Tsakiyar Ciyawa

Tun kafin ta ɗora ruwan shayin Baba, Yaya ta ɗauki gawar ɗan ragon ta zaga da ita bayan ɗakin ajiya, inda ba a hangowa daga tagar tsohon. Da hannu ɗaya ta ɗauke shi, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ɗan ragon da ya kamata a ce yanzu sai an yi kokawa da shi kafin a kayar, ga shi ta rataya shi a hannu kamar tsohuwar riga. Ramin da ta haƙa a farkon wata ya riga ya cika, sai ta ɗauko shebur ta fara wani.

Kowa Yaya yake ce mata, har direban da ke kawo dusa. Ita ce babba a gidan, ita ce kuma ta tattara kayanta ta dawo lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye. Ƙanenta, Auta, yana birni yana aikin ofis, kuma tumaki bai san su ba sai a faranti. Ranar da aka dawo da Baba daga asibiti, ya damƙe hannunta da hannunsa mai rai, ya yi ta fama da harshensa har ya samu ya ce, "Uwata, tumakin." Ta ce masa kada ya damu, suna hannunta. Garken nan kuwa shi ne rayuwar tsohon. Daga tunkiya ɗaya mai baƙin kunne ya tara shi, kuma har yau duk shekara sai an haifi mai irin kunnenta.

A yi mata adalci, Yaya ba ta yi wasa da amanar ba. Filin rairayin da ke ƙasan gida, wanda Baba ya bari shekara da shekaru yana fitar da ƙaya, ita ta kewaye shi da waya, ta zuba masa farar ƙasa kamar yadda mai sayar da iri ya ba ta shawara, ta shuka ciyawa. Ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi har gwiwa, koriya shar, masu wucewa na tsayawa suna kallo. Sai ta soke tafiyar nan da Baba yake yi duk shekara bayan yaye, ya kora garken zuwa wani tudu mai jan ƙasa wajen abokinsa maƙeri, su share makonni a can. Marigayiya Mama ta sha faɗa cewa ba kiwo ke kai shi ba, karta ce, don a gidanta bai isa ya taɓa ta ba. Yaya ma haka ta ɗauka. Me za a yi da wahalar da ƙananan dabbobi a hanya mai duwatsu, ga abinci a ƙofar gida?

To, a tsakiyar wannan abincin 'ya'yan tumakin suka fara ƙarewa. Iyayen da sauƙi, ɗan ramewa kawai suka yi. Amma waɗanda aka yaye sai su tsaya cikin ciyawa har wuya, su sunkuya, su shinshina, su ɗago ba su ci ba. Idanunsu na zubar da ruwa har kwantsa ta bushe musu a kumatu. Gashinsu ya yi buzu-buzu, ƙashin bayansu ya fito ana gani daga nesa. Ta ce tsutsar ciki ce, ta sayo magani ta ɗura musu. Ta sake sayo wani ta ɗura. Mai kantin magani, wanda tun da aka haife shi bai taɓa cewa bai sani ba, ya ba ta na uku. Da suka ƙara raunana sai ta ƙara tausaya musu, ta matsar da su can tsakiyar filin inda ciyawar ta fi kyau, ta hana su ko leƙa bakin hanya.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne shirun. A da, in yamma ta yi, mutum ba ya jin maganar kansa don kukansu. Yanzu sai dai ƙarar waya in iska ta kaɗa ta.

Baba kuwa kullum da safe, in ta gyara masa zama a kujerar bakin taga, tambayarsa ɗaya ce: "Na bana fa?" Tagar tsakar gida take kallo, filin yana can baya, don haka abin da ta kawo masa shi yake gani. Sai ta je ta kamo Ɗan-gata.

Ɗan-gata maraya ne, uwarsa wajen haihuwa ta mutu. A kicin ya girma a kan madarar gari, daga baya ya koma kan abincin buhu na kanti, kuma bai taɓa taka filin ba, don a ganinsa shi mutum ne. Ya yi ɓul-ɓul, ga rashin kunya, ya cinye igiyar shanya ya fara neman labule. Shi take ɗagowa a taga. Yau ta nuna shi ta gaba, gobe ta baya, jibi ta shafa masa gawayi a kunne ta ce ɗan wance ne. Baba ya miƙa hannu ya matsa bayansa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Madalla." Ita kuma ta mayar da Ɗan-gata kicin. Ta san ƙarya take yi wa mahaifinta kowace safiya, amma tana ganin gaskiyar za ta ƙarasa masa ɗaya ɓarin.

A bakin sabon ramin Auta ya same ta. Bai sanar zai zo ba, sai ganinsa ta yi da takalminsa mai ƙyalli. Ya kalli ramin, ya taka zuwa filin, ya dawo fuskarsa ta sauya.

"Yaya, tun yaushe?"

"Suna samun sauƙi."

"Waɗanne? Na cikin ramin?"

Ta ci gaba da haƙa.

"Ki ji ni, Yaya, ba faɗa na zo yi ba. Abin da ya rage mu ba mahauci tun suna tsaye da ƙafafunsu. Na san wani mai babbar mota, ƙarshen mako zai zo ya kwashe su duka, iyaye da 'ya'ya. Baba ya koma wajena, ga asibiti kusa. Ke ma ki huta, dubi yadda kika koma."

"A hawan sama za ka ajiye shi? Ya riƙa kallon me, tankin ruwan maƙwabta?"

"Ya fi ya kalli wannan."

"Na yi masa alkawari, Auta."

"Alkawarin kiwo kika yi masa, ba na binnewa ba."

Maganar ta shige ta sosai, don gaskiya ce, kuma daga bakin yaron da ta goya ta fito. Ta ce ya ba ta zuwa ƙarshen makon kawai. Ya ce ai dama motar ba za ta zo kafin nan ba.

Ta daɗe tana ƙin zuwa wajen likitan dabbobi. Nisa ne, haka take gaya wa kanta, amma ainihin abin kunya ce, a ce 'yar mai garken da ake zuwa kallo ta je ta ce tumaki sun gagare ta. Ranar dai kunyar ta ƙare. Ta fasa binne gawar, ta sa ta a buhu, ta fita bakin titi ta tari mai babur.

Ofishin likitan ɗaki ɗaya ne a bayan shagon gyaran taya, da firiji mai gurnani, da teburin ƙarfe, da hoton saniya da rana ta cinye launinsa. Shi kansa dattijo ne mai sanƙo, wanda ya fi yi wa dabba magana fiye da mai ita. Ya shimfiɗa gawar ya ce, "Sannu, ɗan saurayi, bari mu ga abin da ya ci ka," sannan ya farke cikin. Ya duba hanji, ya ce tsutsar da ke nan ba ta taka kara ta karya ba. Kitse babu ko ɗigo. Ya ɗago hantar ya nuna mata: ta kumbura, ta yi fari-fari, tana marmashewa in ya matsa.

"Wannan yunwa ce ta kashe shi," ya ce.

"Yunwa? Likita, ciyawa har wuyansu."

"Na ji. Shi ya sa nake son in ga ciyawar."

Washegari ya zo. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja musu fatar ido, yana ɗaga musu leɓe, dasashinsu fari fat. Ya ɗebi jini a wuyan wasu ya zuba a ƙananan kwalabe. Auta na tsaye a bakin waya yana kaffa-kaffa da takalminsa. Suna dawowa tsakar gida likitan ya ji ana jan jakarsa, ya juya ya ga Ɗan-gata yana tauna igiyarta hankali kwance.

"Wannan ƙaton fa, na wane ne?"

"Namu ne," Yaya ta ce. "Maraya ne, a gida yake."

"Sa'ansu ne?"

"Wasu ma sun girme shi."

"Me yake ci?"

"Na buhu."

"Irin wanda ake haɗa wa gishiri da sinadarai? Bai taɓa kiwo a filin can ba?"

"Ko sau ɗaya."

Likitan ya tsuguna ya shafa bayan Ɗan-gata. "To, kai ne shaidata," ya ce masa. Sannan ya tambayi Yaya abin da ya sauya daga bara zuwa bana. Ta faɗa masa waya, da farar ƙasa, da sabuwar ciyawa. Sai da ya ce, "Sai me kuma?" sannan ta tuna da tafiyar tudun maƙeri. Auta ya ce wannan ai ba kiwo ba ne, karta ce.

"Bari in gaya miki abin da nake zato," likitan ya ce. "Akwai wani sinadari a ƙasa, kobal ake ce masa. Ɗan mitsitsi ake buƙata, bai kai ƙurar da ke ƙarƙashin farcenki ba. Ciyawa ta ɗauko shi daga ƙasa, tunkiya ta ci, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su mayar da shi bitamin, bi-sha-biyu muke ce masa. In babu shi, dabba ba ta iya juya abin da ta ci ya zama ƙarfi, daga nan sai sha'awar cin ma ta mutu. Manya suna da ajiya a hanta, sukan jure. Yaran da aka yaye suna tsakiyar girma, su ne ke faɗuwa. Rairayi dama ba shi da shi sosai. Farar ƙasa ta ɗaure ɗan wanda ke akwai, ciyawar kuma ta yi saurin tashi ba ta ɗauko komai ba. Kyau ne kawai a ido."

"Tudun maƙerin fa?" Yaya ta tambaya.

"Ban auna ƙasar ba, ba zan rantse ba. Amma jan ƙasa mai nauyi takan samu. In sun yi makonni suna ci a can, suna haɗawa da ƙasar a baki, sun cika ajiyar da za ta raba su da wannan. Tsoho ya je kartarsa, su kuma sun sha maganinsu."

Auta ya fara dariya, ya ga fuskar yayarsa, ya haɗiye ta. Ita kuwa sai ta zauna a kan bokiti. Da sakaci ta yi, da ta san yadda za ta ɗauki abin. Amma duk abin da ya kashe su da gumi ta yi shi, da tausayi: ita ta ɗauki buhunan farar ƙasar a kanta, ita ta hana su tafiya don kada su gaji, ita ta tura su tsakiyar filin da suka fara ciwo.

Likitan ya ce sakamakon jinin zai ɗauki lokaci kafin ya dawo daga birni, kuma ba za a jira shi ba. Ya ciro kwalbar wani jan ruwa, Yaya na riƙe masa, yana yi wa kowanne allurar bitamin ɗin. Ya ce in ya canka daidai, cikin 'yan kwanaki za su nemi abinci da kansu, wannan ma shaida ce. Shi kobal ɗin kansa ta baki ake ba da shi, don a tumbi yake aiki: a riƙa ɗura musu na ruwa lokaci-lokaci, in sun yi ƙwari a ba su ƙwayar da ke zama a tumbi tana narkewa a hankali, a ajiye musu gishirin lasa mai ɗauke da shi. Baɗi kuma tun wajen yaye za a fara, kada a jira ido ya yi ruwa.

"Duka za su tashi?"

"A'a. Waɗanda hantarsu ta riga ta lalace, sai haƙuri."

Ya fi daɗewa a kan wata 'yar tunkiya mai baƙaƙen kunnuwa, ita kaɗai aka haifa da su a bana. Ya taɓa ƙirjinta, ya saurara. "Wannan 'yar budurwar ban ba ki tabbaci ba," ya ce.

Washegari babu abin da ya sauya. Suna nan tsaye cikin ciyawar, kai a ƙasa. Kashegari wasu biyu suka kwanta ba su tashi ba. Yaya ta riƙa zarya tsakanin kicin da filin har ta manta ta sa wa abincin Baba gishiri, shi kuma ya cinye haka nan. Ta tsuguna gaban kowane ɗan tunkiya tana miƙa masa ciyawa a tafin hannu, tana lallashi, tana roƙo, wani lokaci har da zagi. Mai baƙin kunnen ta ɗauke ta ta kai ɗakin ajiya, ta shimfiɗa mata buhu, tana ɗiga mata ruwa a baki da cokali. Ana gobe motar za ta zo, da yamma, ta miƙe ƙafafunta a cinyar Yaya ta cika. Auta ne ya karɓi shebur ɗin ya haƙa, takalmin nan ya cika da ƙasa. Amma bai kira mai motar ya ce ya fasa ba.

Da safen Yaya ta kasa zuwa filin. Ta ɗora shayi, ta gyara wa Baba zama, ta tsaya a kicin tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Ta ji babbar motar ta shigo da baya, ta ji an sauke ƙofar bayanta ta daki ƙasa. Sai kuma, a ƙarƙashin ƙarar injin, ta ji wani abu, kuka ne a dishe, kamar na wanda ya manta yadda ake yi. Wani ya amsa. Ta saki kofin ta fita da gudu.

Sun taru a bakin waya suna ture juna. Wasu na fizgar ciyawa da haushi, wasu sun zura kai cikin kwamin dusa suna lasar busasshen katako, suna yi mata ƙorafi da dukan ɗan ƙarfinsu. Har yanzu ƙashi da fata ne, kuma ba su kai rabin waɗanda aka yaye ba, amma ci suke yi.

"Suna ci," Auta ya ce, kamar ba ta da ido.

Direban ya tambaya da waɗanne za a fara, manya ko ƙanana. Auta ya ce masa ya dakata tukuna. A lokacin suka ji sandar Baba tana bugun ƙarfen taga.

Sabo ne ya sa ta kamo Ɗan-gata a hanya, ta ɗago shi a taga tana haki. Baba bai miƙo hannu ba.

"Sauke shi, Uwata," ya ce, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ya gaji. Ni ma na gaji. Gawayin ma, yau kunnen dama, gobe na hagu."

Ta sauke shi a hankali. "Baba, ka sani?"

"Na daɗe ban ji kukansu ba. Yau na ji." Ya numfasa. "Idonsu ya yi ruwa?"

"Ya yi."

Ya rufe ido. "In ya fara ruwa, wajen maƙeri nake kai su. Ban san dalili ba. Da ƙiba suke dawowa."

"Ba karta ba ce?"

"Har da kartar."

"To me ya sa ba ka faɗa min ba, Baba?"

"Kin ce lafiyarsu ƙalau. Na ga wahalar da kika sha a filin nan. Na ce in na yi magana, za ki ce tsoho ya raina aikinki." Ya goge gefen bakinsa da bayan hannu. "Kullum ina jira ki faɗa."

Yaya ta zauna a ƙasa a gindin tagar, ta jingina da bango. Kowace safiya maganin yana zaune a kujera, taku ɗaya daga inda take tsaye da ragon ƙarya a hannu, kuma kowannensu yana tausayin ɗan'uwansa ya yi shiru. Ramuka biyun da ke bayan ɗakin ajiya su biyu suka cika su. Ta so ta yi kuka, kukan ya ƙi zuwa.

"Mai baƙin kunnen fa?" ya tambaya daga samanta. "Na ji kin ce an haifi ɗaya."

Wannan karon ba ta nemi gawayi ba. "Jiya da yamma, Baba."

Da ta ɗaga kai, ta ga hawaye na gangara a ɓarin fuskar da ba ya motsi, bai ma san yana zuba ba.

"Kira min Auta," ya ce. "Ya goya ni in ga sauran."

Auta ya goya shi, Yaya na tallafe da matacciyar ƙafar don kada ta ja ƙasa, Ɗan-gata na biye da su yana jan gefen rigar tsohon. Da suka zo wucewa ta gefen motar, Auta ya ce wa direban, "Rufe motarka, malam, ka yi haƙuri. Yau babu kaya."

A bakin wayar Baba ya leƙo ta kan kafaɗar ɗansa. Bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba tun da aka haife su, amma ya ɗaga hannunsa mai rai yana nuna su, yana faɗin uwar kowanne: wannan ɗan gurguwa ne, waccan 'yar mai faɗa ce, wancan na mai tsalle shinge. Yaya na amsa masa da e, e, don bai kuskure ko ɗaya ba. Bai daɗe ba ya gama.